Yadda Ake Karanta Launin Tsohon Kwabo, da Yadda Ake Ceto Wanda Ya Fara Ciwo

Da wuya ka shiga tsohon gidan Hausawa a Makka ko Jidda ka rasa wani gwangwani da ake ajiye tarkacen tsofaffi a ciki: makullan da aka manta ƙofarsu, tsinkakken carbi, da tsabar kuɗin da ba ta ci yanzu. Namu gwangwanin shayi ne, na kakana, wanda ya taso daga ƙasar Kano ta Chadi da Sudan. A ciki na fara ganin kwabon Najeriya mai huji na 1959, da millim ɗin Sudan na 1956 mai hoton ɗan aike a kan raƙumi, da halala ɗaya ta shekarar 1383 Hijira, wato 1963, da wani ƙirshin Hijaz na zamanin Sharif Husaini mai ɗauke da shekarar 1334. Dukansu tagulla ne, mafi yawan jikinsu jan ƙarfe, amma babu biyu masu launi ɗaya. Wannan ruwan ƙasa kamar dabino, wancan baƙi wuluk, wani da shuɗi-shuɗi a gefe, wani kuma da kore.

Ɓarnar farko da na yi, ƙirshin nan na Hijaz na ɗauka na dirje da lemon tsami da toka, yadda na ga ana wanke tukunya. Ya fito fes, jaja-jaja kamar naman da aka feɗe, ni kuwa sai murna. Da na kai wa wani dattijo mai sayar da tsofaffin kuɗi a Balad, tsohuwar unguwar Jidda, ya juya shi sau ɗaya ya miƙo mini. Ya ce, "Yaro, fatarsa ka cire. Abin da shekara da shekaru suka saka, ka warware kafin shayi ya huce." Tun daga ranar nake wannan aiki, kuma abin da zan nuna maka shi ne yadda za ka bambance launin da yake kare kwabo da wanda yake cin sa. Mafi yawan launukan na farkon ne.

Kayan aiki

Madubin ƙara girma mai ninki goma, irin na masu sayar da zinariya. In babu, kyamarar waya ta isa, ka matso da hoton sosai. Safar hannu ta roba marar hoda, irin shuɗiyar nan ta asibiti. Mayen ƙarfe ƙarami. Tsinken sakace na itace da audugar goge kunne. Ƙananan kwalabe na gilashi masu murfi, uku ko huɗu. Tawul mai laushi da za ka shimfiɗa, don kwabon da ya faɗi a kan tayil ya sami tabo ke nan har abada.

Sai ruwa tatacce, wato wanda aka tafasa aka tara tururinsa, wanda Larabawa ke kira mukaɗɗar, ana samunsa a sayidaliyya, wato kantin magani, ko wajen masu kayan mota. Ka karanta jikin gorar da kyau, domin a shago ɗaya ake sayar da shi da ruwan batir mai asid. Ruwan famfo ba ya yi, akwai gishiri da kilorin a cikinsa. Ruwan gora ma haka, har Zamzam, don yana da ma'adinai masu yawa. Shi na sha ne. In ka rasa tatacce gaba ɗaya, tari ruwan da ke ɗiga daga mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ka tace da ƙyalle mai tsabta, ka yi jiƙon farko da shi kawai.

Sai asiton zalla, na shagon fenti. Kada ka ɗauko na goge farce a ɗakin uwargida, an gauraya shi da mai da ƙamshi. Sai bakin soda, wato bikarbonat na girki, da ƙaramin sikeli mai auna giram, da ƙunshin silika, waɗannan ƙwayoyin da ake samu a kwalin sabon takalmi. In kana da hali, ƙara da ƙaramar na'urar auna danshi.

1. Fara sanin ƙarfen da ke hannunka

Kai mayen ƙarfe kusa da kwabon. In ya manne, baƙin ƙarfe ne aka yi wa rufin jan ƙarfe, kamar peni na Ingila tun daga 1992. Irin wannan in rufin ya huje tsatsa ce ta gaske ke fitowa, kuma jiƙa shi a ruwa ƙara masa ciwo ne. Santi ɗaya na Amurka tun 1982 cikinsa tutiya ce, ba ya kama mayen ƙarfe, amma za ka ga yana yin ƙuraje a ƙarƙashin rufin, wani lokacin da farin gari. Waɗannan ka ware su gefe. Bayanina a kan na jan ƙarfe da tagulla ne: su halalar 1383, rubu'i da rabin ƙirshi da aka buga a Makka a 1343 da sunan Sarki Abdul'aziz, para ɗin Turkawa na zamanin Sultan Abdulmajid, kwabonmu na 1973 mai hoton rijiyoyin mai. Kalmar kwabo kanta daga sunan jan ƙarfe da Turanci muka aro ta.

Fararen halaloli na zamanin Sarki Faisal ma kada farinsu ya ruɗe ka. Kashi uku cikin huɗu na jikinsu jan ƙarfe ne, sauran nikel, shi ya sa suke yin kore in sun kwana a danshi.

2. Duba launin a hasken kirki

Sa safar hannu, riƙe kwabon ta gefe. Zauna kusa da taga da rana, ba cikin ranar kanta ba, ka riƙa karkata shi a hankali. Ka ɗauki hoton fuska biyun kafin ka yi komai. Ga abin da launukan ke gaya maka.

Ja mai sheƙi shi ne asalin ƙarfen yadda ya fito daga gidan buga kuɗi. Iska na taɓa shi yake fara yin wata fata siririya, haɗuwar jan ƙarfe da iskar da muke shaƙa. Fatar tana kauri a hankali, launin ya tashi daga ja zuwa ruwan goro, ya kai ruwan hanta, ya tsaya a ruwan ƙasa. Wannan ruwan ƙasar lafiya ce. Ita ke tsare ƙarfen da ke ƙasa. Kamfanonin da ke tantance darajar tsabar kuɗi suna raba jan ƙarfe gida uku: wanda ya riƙe kusan kashi 95 cikin 100 na jansa, wanda yake tsaka-tsaki, da wanda jansa bai kai kashi 5 ba. Na farkon ya fi tsada, amma sai in jan na asali ne. Jan da aka samo da gogewa ba ya shiga lissafi, kuma mai ido yana gane shi daga nesa.

Shuɗi, shunayya, ruwan hoda da launin bakan gizo su ne suka fi ɗaure wa mutane kai, har wani ya ce fenti aka shafa. Babu fenti. Ka taɓa ganin fetur ya zuba a kan ruwa yana walƙiya kala-kala, ko salansar babur ta koma shuɗiya kusa da inji? Abu ɗaya ne. Fatar da ke kan kwabon ta fi silin gashi siranta kusan sau dubu. Wani hasken yana dawowa daga samanta, wani ya ratsa ta ya dawo daga jikin ƙarfen, in sun haɗu sai wasu launuka su danne juna, wasu su fito. Kaurin fatar ne ke zaɓar launin da za ka gani. Shi ya sa kwabon da ya daɗe a cikin ambulan yakan yi zobe-zobe, gefen da iska ta fi samu ya riga tsakiya nisa. Abin da ya fi hanzarta wannan shi ne farar wuta, wadda ake samu a takardar jarida, ambulan mai arha, kwali, ulu, robar ɗaure kuɗi, da hayaƙin mota. In abin ya yi yawa launukan su ƙare a baƙi.

Baƙin ɗigo kamar kashin ƙuda yawanci feshin yawu ne, wani ya yi magana ko ya hura kwabon. Shatin yatsa kuwa gumi ne, gishiri da maiƙo. In ya kwana biyu ya riga ya ci cikin fatar, ba ya fita.

Kore kashi uku ne, kuma a nan aikin yake. Akwai mai tauri, santsi, mai ɗan duhu, wanda ya zauna daram kamar an gasa shi da ƙarfen. Ana ganinsa a kuɗin da suka daɗe a ƙasa. Wannan ado ne, a bar shi. Akwai mai danƙo kamar majina, wanda ke fitowa daga leda mai laushi ko jakar fata. Akwai kuma mai haske, gari-gari, wanda ke tsirowa daga ɗan rami kamar an barbaɗa. Larabawa duk zinjar suke ce musu, amma na ukun shi ne masu wannan sana'a ke kira ciwon tagulla.

3. Gwajin tsinke

Ɗauki tsinken sakace ka taɓa koren a hankali kana kallo ta madubi. In bai motsa ba, lafiyayye ne. In ya naɗo a bakin tsinken kamar kakin zuma, na leda ne ko na fata, je mataki na 5. In ya ruguje ya zama gari, ka ga rami a ƙasansa, ware kwabon nan take daga sauran ka je mataki na 6. Kada ka yi gwajin da allura ko bakin wuƙa. Jan ƙarfe yana da laushi, ƙarfe kowane iri zai zana shi.

In kana shakka, ajiye shi mako biyu ka sake ɗaukar hoto ka gwada da na farko. Ciwo yana ƙaruwa, lafiyayyen kore yana nan yadda yake.

4. Datti kawai: jiƙo

Kwabon da launinsa ke lafiya amma ƙasa ta cushe rubutunsa, saka shi a kwalba shi kaɗai, zuba ruwa tatacce ya rufe shi. Canza ruwan kullum. Bayan kwana uku taɓa dattin da tsinken da ka jiƙa bakinsa ya yi laushi. Abin da ya taso ya taso, wanda ya ƙi ka mayar cikin ruwa. Wani sai ya yi mako biyu. Wanda har yanzu yake da jansa na asali kada ka jiƙa shi ko kaɗan, ruwa na iya bar masa tabo.

Za a ce maka ka jiƙa a man zaitun. Yana sassauta datti, gaskiya ne, amma yana da ɗan tsami, yana duhunta kwabo, kuma yana maƙalewa a ramuka ya ci gaba da aiki bayan ka manta. In dole sai mai, farin man farafin na sayidaliyya ya fi, sannan ka wanke shi da asiton.

Abubuwan da ba sa zuwa kusa: lemon tsami, khal wato binega, tsamiya, lemon kwalba, tumatirin gwangwani, man goge baki, man goge tagulla, toka, soson ƙarfe. Masu tsamin suna narkar da fatar, masu kaushin suna kankare ta. Abin da ya rage sai ƙarfe tsirara mai launin hoda, wanda zai sake yin duhu cikin 'yan watanni, amma dabbare-dabbare.

5. Kore mai danƙo: asiton

Yawancin kundin ajiye kuɗi masu arha da ake sayarwa a kasuwar haraj, wato ta gwanjo, shafukansu ledar PVC ce mai laushi. Zafin ƙasar nan yana sa man da aka tausasa ledar da shi ya tsattsafo, ya kwanta a kan kwabon tare da ɗan asid. Alamarta warin sabuwar leda, da kwabon da ke mannewa in za ka zaro shi.

Buɗe taga, kashe duk wata wuta, har kaskon turare da sigari, don asiton yana kamawa kamar fetur. Zuba kaɗan a kwalbar gilashi, ba ta roba ba, saka kwabon, rufe, bar shi minti biyar zuwa goma a inuwa. Ciro shi, ka mirgina auduga jiƙaƙƙiya da asiton a kansa. Mirginawa na ce, ban da dirzawa, domin ƙurar da ke jiki ita ce za ta zama yashi ta zana shi. Audugar za ta yi kore. Canza wata har ta fito fara. Ɗauraye a sabon asiton, jingina shi a gefe ya bushe da kansa. Asiton ba ya taɓa fatar ƙarfen, maiƙo kawai yake ɗauka. Sai dai in ledar ta daɗe tana ci, za ka tarar da wurin ya yi fari-fari ko ya ɗan rarake. Wannan ba asiton ne ya yi ba, ɓarnar da ke ɓoye ce ta bayyana.

6. Ciwon tagulla

Tushensa gishiri ne da ya shiga jikin ƙarfen, daga ƙasa, gumi ko iskar teku. Yana kwance shiru har sai ya sami danshi, sai ya haifar da asid, asid ɗin ya ci sabon ƙarfe, ya sake haifar da irin gishirin. Haka zai yi ta juyawa har kwabon ya huje. Saboda haka kuɗin da ya shekara talatin lafiya a Riyad ko Madina yana iya tsiro da kore cikin wata biyu in aka kawo shi Jidda, inda danshi ke yawan haura kashi 60. Na gani da idona a kan millim ɗin kakana, shekarar da muka taso daga Makka muka koma kusa da teku.

Da farko kwashe garin da tsinke, a kan takardar da za ka zubar. Sannan haɗa ruwan jiƙo. Zuba bakin soda a faranti ka gasa a obin, wato tandar gashi ta kicin, mai zafin digiri 200 na awa ɗaya. Zai koma sodar wanki. Auna giram 14 na gasasshen da giram 11 na ɗanyen, narkar a rabin lita na ruwa tatacce. Wannan ƙarfin kashi 5 cikin 100 ne. Ni nakan raba shi biyu in ƙara ruwa daidai da shi in fara da mai rauni, domin mai ƙarfin yana iya cire lafiyayyar fatar tare da ciwon.

Wani abin sha'awa: wannan haɗin kusan shi ne kanwa, wadda 'yan'uwanmu na Sudan ke kira atrun. Wani zai ce to me ya sa ba za a jiƙa kanwar kawai ba? Saboda kanwar kasuwa tafe take da gishiri da ƙasa, gishirin kuwa shi muke kora.

Saka kwabon a ciki, rufe, duba shi kowace rana. Ruwan zai yi shuɗi-shuɗi. Canza shi duk mako, kana share ramukan da tsinke. Ƙaramin ciwo mako biyu zuwa huɗu, babba watanni. In ka ga ruwan ƙasar jikinsa ya fara kwailewa, tsaya. Bayan nan jiƙa shi a ruwa tatacce zalla na mako guda kana canzawa kullum, tsoma shi a asiton ya kore ruwan da ke ramuka, sa shi a kwalba da silika kwana uku. Kada ka shanya a rufin gida ko ka ɗora a wuta, zafi yana sauya launi.

Bar shi a fili wata guda kana lura. In garin ya dawo, a sake. In bai dawo ba, kana iya shafa masa ɗan kakin Renaissance siriri, wani kaki ne da masu gyaran kayan tarihi ke amfani da shi. Kada ka shafa kaki ko wani mai a kan ciwon da bai mutu ba, rufe shi kawai ka yi yana ci a ƙasa.

In kwabon mai daraja ne sosai, ko na zamanin Umayyawa da Abbasiyawa ne, kada ka koyi aiki a kansa. Sa shi a kwalba da silika, bushewa kaɗai tana tsayar da ciwon, ka nemi masanin gyaran kayan tarihi. Ka kuma sani Saudiyya tana da dokar kayan tarihi, irin waɗannan ba a jefa su a jaka a nufi filin jirgi sai an nemi izini.

7. Gwajin ƙwai, don idonka ya waye

Sami kwabon da ba shi da wata daraja, ka goge shi ya yi ja. Dafa ƙwai, farfasa shi da zafinsa a kwalba, jingina kwabon a ciki ba tare da ya taɓa ƙwan ba, rufe. Farar wutar da ke tashi daga ƙwan za ta sa ka ga launuka suna bin juna cikin ɗan lokaci, har su kai ga duhu. Abin da ambulan ke yi a shekara ashirin ke nan.

Dalilin gwajin shi ne ka gane na haɗi in an kawo maka. Launin da aka yi da gaggawa yakan yi ƙyalli fiye da kima, ya kwanta bai ɗaya a kan tudu da kwari kamar an zuba, wani lokacin da shatin ɗigo. Na asali yana shiga a hankali daga wannan launi zuwa wancan, yakan bambanta tsakanin saman haruffa da gindinsu, kuma sheƙin ƙarfen yana motsi a ƙarƙashinsa in ka karkata. Wanda ya goge kwabo ya turara shi ya sayar a matsayin na asali, algus ya yi, ko da me ya kira shi.

8. Ajiya

Kowane kwabo da ɗakinsa: ƙwanson roba mai tauri, ko kwali mai tagar Mylar, ledar nan mai ƙarar ƙaras-ƙaras. In ka yi amfani da mai maƙalawa da sitefila, danne ƙusoshin da filaya kada su zana maƙwabci. In babu ko ɗaya, ƙaramar ledar zif irin ta abinci ta fi kundin PVC sau goma. Jera su a akwatin roba mai rufewa gam, tare da silika, ka nemi danshin ciki ya tsaya ƙasa da kashi 40. Masu ciwon da aka yi wa magani, ƙasa da 35. Silika tana ƙoshi. A Jidda nakan gasa tawa duk wata biyu a digiri 120 na awa biyu, a Makka takan kai wata shida. Cire ta daga ƙunshin takardar kafin ka gasa.

Inda za ka ajiye akwatin ma magana ce. Ban da kicin, ban da kusa da banɗaki, ban da jikin mukayyif inda sanyi da zafi ke sa raɓa, ban da mota. Ban da kuma durowar da ake ajiye turaren wuta da kwalaben oud, wanda a gidajenmu nan ne wurin da hannu ke fara kai duk abu mai daraja. Hayaƙin bakhur yana barin maiƙo a kan ƙarfe, maiƙon ya kama ƙura, ƙurar ta riƙe danshi. Rubuta bayanin kowane kwabo a bayan ƙwansonsa, kada ka cusa takarda a ciki. Duk wata uku ka buɗe ka duba su da madubi, ka gwada da hotunan da ka ɗauka a mataki na 2, musamman waɗanda suka taɓa yin gari.